Yawon Ƙafa a Ƙasar Gumel Lokacin Kaka

Asabar

Daga Kano zuwa Gumel tafiyar kilomita 120 ce ko kusa da haka. Da an wuce Gujungu an miƙa arewa sai ƙasa ta baje, ba dutse, ba tsauni, ba kogi, sai jigawa da gonaki da itatuwa jefi-jefi har inda ido ya ƙure. Wanda ya saba da duwatsun Dutse ko na Kazaure zai ce babu abin kallo a nan. Ni kuwa wannan shimfiɗar ce ta kawo ni. Gwiwoyina sun daina son hawa, likita kuma ya ce in riƙa taka ƙasa, sai na ga gara in taka ta inda ba za ta wahalar da ni ba.

Na sauka a gidan yayan wani abokina, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya ya koma noma. Bayan an ci abinci ya tambaye ni abin da ke tafe da ni.

"Wato ba sayen riɗi ka zo yi ba?"

"A'a, Malam."

"Ba awon gona ba, ba kuma siyasa ba?"

"Yawo kawai zan yi a ƙafa, in ga gari, in ga gonaki."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To kada ka faɗi haka a ƙauye. Ka ce likita ne ya sa ka motsa jiki. Mutanenmu suna tausayin mai lalura, amma ba sa sakin jiki da baƙon da ke zagaya gonaki ba dalili."

Da la'asar sakaliya muka ɗan zaga cikin gari, daga ƙofar fada zuwa Ɗantanoma, muka ɓulla Ƙofar Arewa, muka dawo ta Zango. Gumel ba ta da yawan tsofaffin gine-ginen da za ta nuna wa baƙo, ginin ƙasa ba ya jiran masu tarihi. Amma labarinta ya bambanta da na maƙwabtanta. Mangawa ne suka kafa sarautar wajen 1750 a ƙarƙashin Ɗan Juma, ta zama mai biyayya ga Borno, kuma da jihadin Shehu Usmanu ya game ƙasar Hausa, Gumel ba ta shiga hannun Sakkwato ba. Kano da Haɗeja da Kazaure suna kallon yamma, ita tana kallon gabas. Sarki Muhammadu Ɗan Tanoma ne ya taso da hedikwatar daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Nijar, ya dawo da ita nan kafin tsakiyar ƙarni na 19. Daga nan sai yaƙe-yaƙe da Haɗeja, da hare-haren Damagaram, har zuwa 1903 da Sarki Ahmadu ya karɓi mulkin Turawan Ingila.

Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya yi yawon ƙasar nan da sunan Abdulkarim, ya sauka Gumel a watan Maris na 1851 a hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Ya tarar da ita babbar kasuwar kanwa: fataken Borno su kawo ta nan su sauke, wasu fataken su ɗauka su yi kudu da ita har Nufe. Da ya sake biyowa a ƙarshen 1854 ya sami garin ya rame saboda rikicin gadon sarauta bayan rasuwar Ɗan Tanoma. Abin da na riƙe a labarin shi ne, Gumel garin hanya ne tun asali. Duk wanda ya zo nan a da, da ƙafa ya zo, ko bisa jaki da takarkari da raƙumi, kuma ba mamaki wasu daga cikin turbobin da zan bi gobe sawun waɗancan mutanen ne ya fara fitar da su.

Lahadi

Malam ya kafa mini doka: a fita bayan sallar asuba, a dawo kafin hantsi ya dubi ludayi. Ko da kaka rana a nan ba ta da wasa. Ya kuma sa na cire takalmin da na zo da shi na saka wani rufaffe, na naɗe ƙafar wando. Ban gane hikimar ba sai da muka bar kwalta muka faɗa turbar gona, inda ƙarangiya ta nuna ta bushe tana jiran mai wucewa. Tsidau kuma na kwance a ƙasa yana jiran mai silifa.

Tafiya a jigawa tana da sauƙi ga gwiwa, sharaɓa ce ke jin jiki, don rairayi yana cinye rabin kowane taku. Dabarar ita ce a bi tsakiyar turba inda shanun amalanke suka daddaɓe, a guji gefe inda tayoyi suka tone.

An gama girbin gero tuni, sai kara a kwance da dammuna ana lodawa. Dawa ta sunkuyar da kai tana jiran nata lokacin. Abin da ya cika gonaki yanzu shi ne riɗi da wake da zoɓo. Riɗi ba a barinsa ya bushe a tsaye, don da zarar kwansonsa ya buɗe sai ya zube ƙasa, sai tururuwa su ci riba. Yanka shi ake yi da ɗan sauran ɗanyensa, a ɗaure, a jingina juna kai sama, bayan ya bushe a shimfiɗa tamfol a kifa shi a kakkaɓe. Mun tsaya wurin wani magidanci da 'ya'yansa suna wannan aiki. Ƙwayar tana zuba da wata ƙara mai laushi, shi kuwa idonsa na kan gefen tamfol kada iska ta kwashe masa ko cikin tafi ɗaya. Ya san inda kayan za su: Maigatari ko Gujungu, daga can Kano, daga can Legas, daga can jirgin ruwa zuwa Japan ko Sin ko Turkiyya. Zoɓon da mata da yara ke ɓarewa a gindin bishiya, hannuwansu jawur, mafi yawan wanda ake fitarwa Meziko yake tafiya, inda suke jiƙa shi su sha yadda muke sha.

Ba a tafiya da sauri a ƙasar nan, ba don rairayi kaɗai ba. Ba ka isa ka wuce mutum yana duƙe a gonarsa ba ka ce masa sannu da aiki ba. Shi kuma ba zai bar ka da amsa ɗaya ba.

"Sannunku da zuwa. Ina gajiya? Ya iyali? Malam, wannan baƙo ne?"

"Ƙanena ne daga Kano, likita ya sa shi tafiya."

"Ayya! Allah ya sawwaƙe. Kai, yaro, yanko wa Alhaji kankana."

Haka muka yi ta fama. Wanda ke auna tafiyarsa da agogon hannu zai ga an ɓata masa lissafi. Ni ban ga asara ba, don duk abin da na sani game da damanar bana a bakin gona na ji shi: inda ruwa ya yi jinkiri, inda tsutsa ta taɓa wake, wanda ya sayi taki da tsada ya yi da-na-sani, da wanda ya dogara da takin gida ya tsira.

A hanyar dawowa na lura da gawo. Sauran itatuwa, kuka da aduwa da kanya, kowanne ya sha damina ya ƙoshi, kuka ma ta fara shirin zubar da ganye, shi kuwa gawo yanzu yake fitar da sabo. Da damina tsirara yake tsayawa, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen da ya zubar kuma ya zama taki. Da rani dabbobi su taru a inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar kashi. Geron gindin gawo ya fi na fili tsawo da kauri, ko daga kututturen karan da aka sare ana ganewa. Malam ya ce shi bai taɓa sare gawo a gonarsa ba, kuma ba ya ba da aron gona ga wanda ya san zai sare.

Litinin

Yau burtali muka bi, kuma ita ce tafiyar da ta fi tsaya mini a rai.

Inda muka shiga yana da faɗi, garke guda zai wuce ba tare da saniya ta taɓa shuka ba. Hagu da dama aguwa ce aka dasa tun zamanin da, ta zama shinge, dabba ba ta cin ta saboda ƙaiƙayin nononta. Ƙasan ya sha kofato ya yi laushi. Ga tumfafiya, ga sabara da kalgo, ga cilakowa tana tsalle daga wannan reshe zuwa wancan, belbelu kuma na bin sawun shanun da suka wuce da sassafe. In ana neman hanyar yawo mai daɗi a ƙasar Gumel, babu kamar burtali: ba babur, ba ƙura sosai, ba kuma fargabar taka wa wani wake.

Amma ba mu yi nisa ba sai ya fara tsukewa. A wani wuri an tumɓuke aguwar gefe ɗaya, kunya biyu ta shigo. Gaba kaɗan ɗaya gefen ma ya matso da tasa kunyar. Kafin mu kai wani tafki da ya fara ƙafewa, hanyar ta zama kamar wuyan gora, da ƙyar amalanke ɗaya zai wuce. Babu wanda ya tashi rana ɗaya ya ce zai cinye burtali. Kowa kunya ɗaya yake ƙarawa a shekara, yana cewa ai maƙwabcinsa ma ya ƙara.

A bakin tafkin muka sami wani dattijon Bafulatani yana shayar da shanunsa. Malam ya san shi.

"Baffa, an dawo lafiya? Ya shanu?"

"Lafiya lau, Malam. Sai dai hanya."

Ya ce da can in kaka ta yi, mai gona ne ke aiko masa da goro da damin gero don ya zo ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki. Yanzu kara kuɗi ne, harawa kuɗi ce, har ƙaiƙayi ana sayarwa, saboda kowane gida a gari yana da ragon kiwo ko sa a turke. Mai gona yana kwashe komai ya ɗora a kan bishiya ko rufin ɗaki. Ga shi kuma riɗi da zoɓo da kankana sun tsawaita zaman amfani a gona, lokacin da shanu suka saba sakkowa bai zo daidai da lokacin da gona ke zama fili ba. Ya faɗi wannan duka ba da ɗaga murya ba. Da muka bar wurin Malam ya ƙara nasa: shekaranjiya wasu shanu, ba na wannan dattijon ba, sun faɗa wa gonar waken wani a daidai matsatsin nan, maganar tana gaban mai unguwa, an sa ranar Juma'a.

Doka ba ta rasa ba. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar makiyayai tun 1965. A Jigawa, zamanin Gwamna Sule Lamido, daga 2007 zuwa 2015, an yi aikin shata burtalai da wuraren kiwo, kuma jihar na da hukumar sasanta manoma da makiyaya. Shi ya sa ake yawan cewa Jigawa ta fi wasu jihohin zaman lafiya ta wannan fuska, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai doka tana Dutse, kunya kuwa tana bakin gona.

Ina tafe ina tuna yadda Ingila ta yi da nata hanyoyin. A can mutum zai fito daga tsohon gari ya ratsa gonar wani, ya tsallake shinge ta matakalar da aka yi domin haka, mai gona ba shi da ikon hana shi. Ba kyauta aka ba su ba. A 1932 ɗaruruwan ma'aikata daga Mancesta da kewaye suka hau tudun Kinder Scout da gangan, filin da masu ƙasa suka killace don harbin tsuntsaye, aka kama wasu aka ɗaure. A 1949 majalisa ta yi dokar da ta tilasta wa ƙananan hukumomi su zana kowace turbar jama'a a taswira. Yau Ingila da Wales suna da irin waɗannan hanyoyi kimanin mil 140,000, kuma manomin da ya nome turbar da ta ratsa gonarsa dole ya gyara ta cikin kwana 14. Su sun rubuta nasu ne bayan aiki ya bar hanyoyin, sai masu shan iska. Namu har yanzu na aiki ne, na saniya da jaki da mai tallan nono, amma taswirarsu tana cikin kan dattawa. In dattijon da ya san inda tsohuwar aguwa ta tsaya ya rasu, shaida ta tafi. Ban ga abin da zai hana kowace masarauta ta sa a auna burtalanta da turbobinta a rubuta, a ajiye kwafi gidan dagaci da gidan arɗo ba. Kuɗin da zai ci bai kai na diyyar rikici ɗaya ba.

Talata

Mun hau mota zuwa Gagarawa, kudu maso gabas da Gumel. Gari biyu ne a haƙiƙa, Gagarawa Gari da Gagarawa Tasha, na biyun jirgin ƙasa ne ya haife shi. Layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya biyo ta Ringim da Taura ya ratsa nan, ya wuce Malam Madori da Birniwa. Turawa ba su kai shi Gumel ba, kamar yadda ba su kai shi Haɗeja ba. Gyaɗa suke nema, ba fada ba, sai aka bar wa jakuna da raƙuma, daga baya manyan motoci, aikin kawo ta tasha.

Bin layin dogo tafiya ce mai sauƙi in mutum bai nace sai ya taka kan katakan ba, don tazararsu ba ta dace da takun kowa ba. Akwai 'yar turba a gefe da masu keke suka fitar. Layin ya miƙe sambal, an ɗan ɗaga shi sama da gonaki, don haka daga kansa ana hango nesa fiye da ko'ina a wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa: rumbuna, goriba tsaye da rassanta biyu-biyu, garken tumaki, wata mata da ƙwarya a ka. Ciyawa ta fito tsakanin ƙarafa, awaki na kiwo a kai hankali kwance. Ba mu ga jirgi ba, ba mu kuma ga wanda ke sauraron zuwansa ba.

Wani tsoho da muka samu a inuwar darbejiya kusa da tasha ya ce yana yaro ya ga buhunan gyaɗa a jibge a nan sun fi ɗaki tsawo. Abin da ya kashe wannan harka sananne ne: farin 1972 zuwa 1974, sai cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 da ta share gonaki a faɗin Arewa, ga kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma. Dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace, tasoshin layin Nguru suka yi sanyi. Riɗi ya gaji gyaɗa a gona, amma a bayan tirela yake tafiya. Sabon layin da ake ginawa daga Kano zuwa Maraɗi kuwa ta Kazaure da Daura ya bi, bai leƙo nan ba.

A Gagarawa ba a daɗewa ana hira ba a zo kan maganar rake ba. Wajen 2016 gwamnatin Badaru Abubakar ta ware kimanin hekta 12,000 a wannan yanki ga kamfanin Lee Group don noman rake da yin sukari. Gwamnati ta ce aikin yi ne zai zo, manoma da yawa, musamman na wajen Garin Ciroma, suka ce gonakin gado ne ba na sayarwa ba, maganar ta cika jaridu da gidajen rediyo. Ba ni da abin da zan ƙara a kan wanda ya fi gaskiya. Abin da mai tafiya a ƙafa ke gani shi ne, ƙananan gonaki dubu suna da turba dubu a tsakaninsu, babbar gona ɗaya kuwa ƙofa ɗaya gare ta da mai gadi. In ana lissafin diyya ana ƙirga gona da bishiya da rijiya, ba a ƙirga hanyar da ke kai yarinya makaranta ko ta kai gawa maƙabarta.

Mun sha fura da nono a tasha, mai kyau, ba a cika mata ruwa ba.

Laraba

Sharaɓa ta yi tsami, don haka yau kaɗan muka taɓa. Mun nufi yamma wajen Sule Tankarkar muka sauka a hanya, muka bi gindin wani dogon layin darbejiya da turare, irin shingen itatuwan da aka dasa a shekarun 1970 da 1980 don karya iskar da ke kwashe ƙasa. Inda aka bar shi, inuwa ce mai sanyi, ƙasa a lulluɓe da ganye. Inda masu itace suka yi masa giɓi, iska ta samu ƙofa, rairayi ya taru a bakin gonar da ke bayansa. Tun 2007 ake maganar Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka, Jigawa na cikin jihohi 11 na Najeriya da aikin ya shafa. Ni dai na fi yarda da abin da manoman Magarya da Matamaye suka yi a tsallaken iyaka tun tsakiyar shekarun 1980: ba dashe ba, barin abin da ya tsiro da kansa a gona, a rage masa rassa a kiyaye shi daga gatari. Bishiyar da ke da mai ita ta fi ta gwamnati tsawon rai.

Da yamma a Gumel manyan motoci suka fara wucewa arewa wayam. Gobe za su dawo a cike.

Alhamis

Maigatari na arewa da Gumel, tafiyar kilomita 20 da 'yan kai. Malam ya ce in ina son ganin kasuwa da kyau kada in shiga ta da mota. Sai muka sauka tun kafin gari muka yanki daji, muka haɗu da turbar da mutanen ƙauyuka ke bi. Wannan ita ce tafiya mafi sauƙi a makon, domin ba mu ne ke neman hanya ba, ayari ne ya ɗauke mu: masu jan awaki, amalanken shanu da buhunan riɗi, yara da kaji a rataye, Buzaye bisa raƙuma fuska a naɗe ba sa ko kallon ƙasa. Yau babu wanda ya tambaye ni dalilin tafiyata. Ranar kasuwa kowa da dalilinsa.

Kara, wato wurin cinikin dabbobi, ita ce zuciyar kasuwar. Shanu jajaye masu dogon ƙaho na Bororo a gefe, farare a gefe, ga Azawak da aka gangaro da su daga Nijar, ga tumaki Uda rabi fari rabi baƙi, ga balami, ga raƙuma a durƙushe an ɗaure musu gwiwa. Dillalai na kai da komo, a kama hannu a ja mutum gefe, a yi albarka, a sake tayawa, a sallama, a cire la'ada. Ana jin Hausa da Fulatanci da Barbarci da Buzanci, ga Yarbanci da Ibo daga bakin masu lodin kudu. Naira da sefa duk suna aiki, masu canji na zaune da jakunkunansu. A wani lungu na ga kanwa a jibge ana aunawa, na tsaya na daɗe. Shekara 170 da wani abu bayan Barth, kayan bai daina biyowa ta wannan yanki ba, kasuwar ce kawai ta matsa arewa zuwa bakin iyaka.

Iyakar kuwa 'yar tafiya ce daga kasuwa. Daga 1906 zuwa 1908 tawagar Ingila da Faransa, ƙarƙashin Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho, ta bi daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi tana kafa alamomi 148. Layin da suka ja ne ya bar Tumbi a hannun Faransa, Gumel a hannun Ingila. A ƙasa ba ka ganin komai: gero iri ɗaya, gawo iri ɗaya, dangi ɗaya. Amma in an rufe ta kowa na ji a tukunyarsa. An rufe a watan Agusta na 2019, aka buɗe a Disamba 2020, Maigatari na cikin iyakoki huɗu na farko da aka buɗe tare da Seme da Illela da Mfum. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, sai Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Wani mai shayi ya ce a waɗannan lokutan kwalta ce ta mutu, turbobin daji kuwa ba su taɓa cika kamar lokacin ba, sai dai kuɗin ɗan acaɓa ya ninka, talaka ya biya.

Malam bai bari mun matsa kusa da shingen jami'ai ba. Ya ce yawon motsa jiki yana da iyaka, kuma wannan ce. Shawarar da zan ba duk mai son bin sawuna ke nan: ya tafi da ɗan gari, ya riƙe katin shaida, kada ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto a bakin iyaka, ya kuma bar kasuwa kafin la'asar, lokacin da tireloli ke fitowa ƙura ta rufe hanya.

Juma'a

Gari ya waye da hazo-hazo, iska ta juyo daga gabas, leɓe ya fara bushewa. Hunturu na ƙofa. Mun yi 'yar gajeriyar tafiya bayan gari, inda ake sussukar gero, mata na shiƙa suna juya wa iska baya. Daga nan muka dawo shirin masallaci.

Bayan an sauko Malam ya ja ni zauren mai unguwa, don shi ma an kira shi shaida a kan maganar waken nan. Mai gona na gefe, mai shanu da wani ɗan'uwansa na gefe, arɗo ya zo da kansa. Waɗanda aka aika ganin ɓarna suka faɗi abin da suka gani. Mai gona ya faɗi kuɗin da yake nema, aka ce ya yi yawa, ya dubi Allah. Arɗo ya ce sun yarda shanu sun ci, za su biya, amma a tambayi mai gona inda waken yake, a cikin gonarsa ko a cikin burtali. Zaure ya yi tsit. Mai unguwa ya juyo wurin Malam.

"Malam, kai ka girme mu a nan. Ina aguwar take a da?"

"Ranka ya daɗe, kunya uku cikin waken nan ba gona ba ce. Ina yaro da ƙafata na bi ta wurin."

Aka rage kuɗin, mai shanu ya biya nan take, aka yi fatiha. Maganar mayar da shingen inda yake kuwa, mai unguwa ya ce ta fi ƙarfinsa, domin in an taɓa gona ɗaya sai an taɓa duk na layin, ciki har da ta surukinsa. Za a kai wa dagaci bayan an gama kwashe dawa.